Wai ya za mu ce Middle English da Hausa?

Salam jama'a, ina shirya wa ɗalibaina darasi kan tarihin Turanci, na zo kan Old English da Middle English na tsaya cak. Na farkon na sa "tsohon Turanci", na biyun kuma "Turancin tsaka-tsaki", sai ƙanwata ta leƙo ta kwashe da dariya wai ai irin nata kenan, ba ta ƙware ba amma dai ba a zage ta ba ta ji ba. A taimaka don Allah.

– Malam ƙanwarka ta yi gaskiya wallahi, tsaka-tsaki da matsakaici duk awon iyawa suke nunawa ba lokaci ba. Ni har "tsohon Turanci" ɗin ma bai kwanta min ba, don yaro na jin haka Shakespeare zai faɗo masa a rai, alhali shi a 1616 ya rasu kuma masana a farkon Turancin zamani suke lissafa nasa. Old English fa shi ne wanda ƙabilun Angul da Sakson suka tsallako da shi Birtaniya daga wajajen arewacin Jamus da Denmak tun ƙarni na 5, rubutunsa har da wasu haruffa irin þ da ð, Baturen yau in ka miƙa masa sai dai ya yi ta kallo. Ka ce "Turancin dauri" kawai, kamar yadda muke cewa mutanen dauri.

– Dauri ya zauna daram. Amma ƴan uwa ku tuna da mu nan Nijar, in ka ce Turanci wani Faransanci zai ɗauka, gara a ce Ingilishi.

– To ai a wannan darasin ma dole a rabe su, tunda Faransancin ne ya haifar da Middle English ɗin. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, fada da kotu suka koma Faransanci, talaka ya ci gaba da yarensa a gona, shi ya sa saniya tana kiwo sunanta cow amma naman ya hau teburin masu sarauta ya zama beef, haka sheep da mutton. Ni da za a bi tawa "Ingilishin bayan mamaya" za a ce.

– A'a yaya, wace mamayar? Kafin Nomawa ai Vikings, mayaƙan teku na Sikandinebiya, sun shigo, su suka bar musu they da egg da sky. Kuma ka ga yanzu na rubuta Nomawa kamar ina maganar manoma lol.

– "Ingilishin tsakiya" fa?

– Wannan kuma sai a zaci na tsakiyar ƙasar Ingila ne, kamar a ce Hausar yamma. Ku sa zango mana, harshen tafiya yake yana yada zango, daga wajen 1100 zuwa wajen 1500 lokacin da injin ɗab'i ya riga ya shigo, wani mai buga littattafai Caxton ya kafa nasa a Westminster a 1476. "Ingilishin zangon tsakiya".

Madalla Hajiya, Allah ya ƙara basira, na ɗauka. Ingilishin dauri, Ingilishin zangon tsakiya, Ingilishin zamani. Saura Great Vowel Shift, wato babban sauyin da aka samu a furucin wasulan Ingilishi, a shafi na gaba, na rubuta "ƙaurar wasula" da fensir tukuna, ƙanwar tawa ba ta gani ba.