Me za mu kira "obituary" da Hausa?

Makon jiya wani ɗan yayana ya nemi in taya shi neman labarin kakansa, wanda ya tafi karatu Ingila a shekarun 1960 kuma Allah ya karɓi ransa a can. Muna zaune gaban kwamfuta muna duba tsofaffin jaridu a rumbun British Newspaper Archive, sai ya tambaye ni yadda za a kira abin da muke nema da Hausa, wato "obituary", rubutun da ake bugawa a jarida a kan wanda ya rasu, na ce masa ta'aziyya. Tun kafin in rufe baki na ji amsar ba ta zauna ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Ta'aziyya magana ce da ake yi wa masu rai, a ba su haƙuri, a yi wa mamacinsu addu'a. Wanda ke binciken asalin danginsa kuwa ba haƙuri ya je nema ba, sunaye da shekaru da garuruwa yake so. Wani malami ya ba ni shawarar marsiyya. Allah gafarta malam, kalmar tana da daraja, kuma Nana Asma'u ta yi wa Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, amma marsiyya waƙa ce, ba labarin jarida ba. Tarjama ita ce ta fi kusa, domin haka malamanmu ke kiran taƙaitaccen tarihin mutum a littattafan Larabci, sai dai yau idan ka ce tarjama kowa fassara zai ɗauka.

Da na ƙara nazari sai na ga wahalar ta samo asali ne daga cewa abubuwa biyu ne muke ƙoƙarin sa wa suna ɗaya. Na farko shi ne ɗan gajeren rubutun da iyali ke biyan kuɗi a buga musu, layi huɗu ko biyar a shafin haihuwa da aure da mutuwa: sunan mamaci, shekarunsa, unguwarsa, ranar jana'iza, da waɗanda ya bari. Idan mace ce, sau da yawa a kan ƙara sunan gidan ubanta, wanda shi kaɗai kan buɗe wa mai bincike wani reshen dangi da bai san da shi ba. Wannan ba ya buƙatar ƙirƙira, domin gidajen rediyonmu sun daɗe suna kiransa sanarwar rasuwa. Na biyu shi ne dogon rubutun da jarida ke yi da kanta a kan rayuwar wani sananne, irin wanda jaridar The Times ta Landan ta shahara da shi. Faransawa sun raba su, suna da kalmar kowanne daban, Amurkawa kuma sukan haɗa duka biyun a kalma ɗaya.

Shawarata ita ce na biyun mu kira shi tarihin mamaci, shafin da ake buga su kuma shafin mamata. Na fifita mamaci a kan marigayi saboda marigayi ya fi daɗin faɗa idan suna na biye da shi.

Wannan rabewa tana da amfani a aikace. Ɗalibi ko leburan jirgin ruwa da ya rasu a baƙuwar ƙasa da wuya jarida ta rubuta tarihinsa, don haka mai neman tarihin mamaci zai iya ɓata wata guda a banza, alhali sanarwar rasuwa ce ya kamata ya bi, kuma a jaridar garin da mutumin ya zauna, ba manyan jaridun ƙasa ba. Rumbun Chronicling America na Amurka da Trove na Ostireliya da Gallica na Faransa duk kyauta ne, na Ingilan da na ambata ne ake biya. A kuma gwada sunan ta kowace fuska, domin Muhammadu kan koma Mahomet ko Mahama a hannun Bature, ga shi kuma injin da ke karanta tsohuwar takarda yakan rikita haruffa inda tawada ta dushe. Mu dai har yanzu muna kan sunan kakan, mun gwada rubutu uku, saura biyu.

Idan a Damagaram ko zangon Kumasi ko Sudan akwai wata kalma da aka saba da ita, ina roƙon a kawo ta mu auna ta da wannan.