Me za mu kira kwamfutar "quantum" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Agege a Legas, ƙanena mai gyaran waya a Computer Village ya ce wani ya tambaye shi ko irin wannan kwamfuta ta shigo kasuwa. Sai ya juyo ya ce, "Yaya, da Hausa me sunanta?" Na yi shiru.

Wani dattijo ya ce "kwamfutar ƙwayar zarra". Na ce, Baba, Allah ya ƙara girma, amma mai jin wannan makaman nukiliya zai tuna.

Wadda na fi ƙi ita ce "kwamfuta mai saurin walƙiya", domin sunan yaudara ne. A 2019 Google ya ce na'urarsa Sycamore, mai kubit (wato ƙwayar lissafin irin wannan kwamfuta) 53, ta gama wani lissafi cikin daƙiƙa 200, kamfanin IBM kuma ya yi jayayya kan girman nasarar. Lissafi ne guda da aka zaɓa musamman. Ba za ta sa WhatsApp ɗinka ya buɗe da wuri ba. Irin na Google da IBM ma sai an sanyaya su kusan digiri 273 ƙasa da sifili, ba kayan kanti ba ne. In muka sa mata sunan sauri, gobe wani zai liƙa shi a tsohuwar laftof ya cuci talaka.

Na koma asali. A 1900 masanin kimiyya Max Planck ya kawo ra'ayin cewa makamashi kashi-kashi yake fita, kamar mai tumatir da ya kasa kayansa, ba ya sayar da rabin kashi. Wannan kashin shi ake kira "quantum", sai na ce ko mu ce "kwamfutar kashi-kashi". Ma'anar ta zauna daram. Sai dai kun san inda kalmar za ta kai hankali in an gan ta a rubuce, don haka na haƙura.

Ra'ayina shi ne mu ara, kamar yadda muka ari rediyo da intanet: kwamfutar kwantam, ƙwayar lissafinta kuma kubit. Hausarmu mu zuba ta wajen bayani. Kwamfutar da muka saba da ita, ko 0 ko 1. Kubit kuwa yana zama cikin gaurayen biyun har sai an auna shi. Wannan nake so mu kira "gaurayen hali".

Kada a ce da sauran lokaci. Tun 2016 IBM ya buɗe tasa ta intanet ga mai son gwadawa. Tun 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa babba irinta za ta iya ɓalle makullin sirri irin wanda bankuna ke dogaro da shi, shi ya sa a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ma'aunan tsaro. Maganar za ta iso bankunan Marina, inda kuɗin 'yan kasuwar Mile 12 ke kwana.

Malaman Hausa da ke nan, ku raba mana gardama ɗaya: kwantam ko kwantum? Ni da "a" nake jin bakin mutane yana faɗa.