Bayan an sako su daga gidan kaso, wa ke raka su likita?

Yayan wani da aka sako, daga Garin Malam:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ƙanena ya fito daga gidan kaso bayan shekara biyu a tsare. Yana can ciki aka gano yana da tarin fuka, aka ɗora shi a kan magani, ya sha na wata uku, sai ranar sakinsa ta zo. Ya iso gida da ledar tufafinsa da takardar saki, amma babu katin magani, babu ko ƙwaya ɗaya ta washegari. Mu kuma murna ta ɗauke mana hankali, dangi suna ta zuwa barka, har kwana goma sha ɗaya suka wuce. Jiya da asuba mahaifiyarmu ta ji tarinsa daga ɗakin zaure, ta tambaye shi, sai ya ce ai ya warke, tunda fitsarinsa ya daina yin ja. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya gaya mana yadda ya yi.

Wani majo (babban ma'aikacin jinya) mai ritaya, daga Birni:

Wa alaikumus salam, ɗana. Jan fitsarin nan ba alamar ciwo ba ne, aikin ɗaya daga cikin magungunan ne, rifampisin, kuma dainawarsa tana nuna cewa maganin ya fita daga jikinsa. Maganin tarin fuka na wata 6 ne: wata 2 na farko ana haɗa iri huɗu, wata 4 na baya iri biyu, ana kuma auna kaki a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6. Kyauta ake bayar da shi a Nijar. Wanda ya yanke a tsakiya yana iya jin sauƙi na ɗan lokaci, daga baya ciwon ya dawo, wani lokaci ma ya dawo da taurin da maganin farko ba ya jin sa, sai an koma ga wani mai tsawo da wahala. Kada ku jira sati ya zagayo. Gobe da safe ka kama hannunsa da kanka ku je CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati, mafi kusa, ku faɗi ranar da ya fara da ranar da ya sha na ƙarshe, su ne za su yanke ko ya ci gaba ko a sake awo. A shekarun da na yi ina aiki, abin da ya fi ba ni wahala da irin waɗannan bayin Allah shi ne ɓoye inda suka fito; mutum zai ce daga tafiya ya dawo, mu kuma mu rasa inda za mu nemi tarihin maganinsa.

Wani ɗan kabu-kabu, daga Kara-Kara:

Baba Majo, gaskiya ka faɗa, amma ina so a san dalilin ɓoyewar, domin ni kaina na yi ta. Na fito da ƙazuwa a tsakanin yatsuna da ƙugu, ina susa har jini, amma sau biyu ina zuwa ƙofar asibiti ina juyawa. Ban san inda ake yankar tikiti ba, ba ni da ko jika ɗaya a aljihu, kuma gani nake duk wanda ke zaune a kan bencin nan ya san daga inda nake. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya ajiye sana'arsa ya raka ni, ya yi magana a madadina, ya sayi abin da aka rubuta, ya kuma sa aka wanke tufafina da shimfiɗata da ruwan zafi. Akwai kuma maganar tramol, wadda iyaye ba sa son a taɓo. Abokina da muka fito wata ɗaya ya koma ga adadin da yake sha kafin a kama shi, alhali jikinsa ya riga ya saba da rashinsa, sai ya faɗi yana farfaɗiya a bakin titi. Allah ya sa da sauran kwanansa.

Wata matar aure, daga Sabon Gari:

Maigidana da hawan jini ya fito. Ni na riƙe katinsa na likita a cikin akwatina, ni ke tuna masa ranar komawa awo, domin watannin farko ko barci ba ya samu, balle ya riƙe lissafin kwanaki. Da za a riƙa sanar da iyali kafin ranar saki, a kuma haɗo mutum da takardar maganinsa, da an rage mana wahala mai yawa.

Yayan wanda aka sako:

Allah ya saka muku da alheri. Baba Majo, mun je yau da safe, kuma a kan hanya na roƙe shi ya faɗi gaskiya, ya kuwa faɗa da bakinsa. An karɓi kakinsa, an ce mu koma jibi, an kuma umarce mu da mu kawo yarana biyu ƙanana a duba su, tunda a ɗaki ɗaya suke kwana da shi tun ranar da ya dawo.