Wai ƙasar gona ce ke ba farar giyar Bordo ta Faransa ɗanɗanonta, ko dai tallar Faransawa ce?

Ɗan Maraɗi: Jama'a yau malaminmu na ilimin noma ya ce farar giyar inabin Bordo, wadda ba ta da zaƙi ɗin nan, masana da sun kai hanci suke gane yankin da aka noma ta. Ni kam ban yarda ba. Abu ne fa na haɗe-haɗen ire-iren inabi, Sauvignon Blanc da Sémillon, wani sa'in a ɗan ƙara Muscadelle, to in mai haɗawa ne ke cewa wannan kashi kaza wancan kashi kaza ina ruwan ƙasa? Hannun mai miya ne kawai.

Kawu: Subhanallahi, yanzu zancen giya muka koma?

Ɗan Maraɗi: Kawu wallahi ba sha muke ba, jarabawa gare mu ran Litinin 😅

'Yar Damagaram: Ƙanena ka je gona tukuna. Ni na yi aikin tsinkar inabi shekara biyu a yankunan Bordo, ta farko a Entre-Deux-Mers tsakanin kogin Garonne da Dordogne, can yumɓu ne da farar ƙasa, in an yi ruwa takalminka sai ya yi nauyi kamar ka ɗaura bulo. Ta biyu a Pessac-Léognan, tsakuwa zalla, ruwa na zuba yana wucewa, da la'asar ka taɓa dutsen ka ji ɗumi. Kuma inabin na ci da bakina tunda shi halal ne, iri ɗaya amma tsaminsu ba ɗaya ba.

Ɗan Maraɗi: Yaya ai kin kawo min hujja. Giyar Pessac-Léognan yawanci a gangar itace ake ajiye ta, ta Entre-Deux-Mers a tankin ƙarfe, dole su bambanta. Sunan Pessac-Léognan ma sai 1987 aka yanke shi daga yankin Graves, da can ƙasar ba ta nan ne? Kuma a 1976 a Paris alƙalan Faransa sun ɗanɗana ba su ga kwalba ba, suka ba farar giyar Kalifoniya ta Amurka na ɗaya.

Bakano: Waccan ta inabin Chardonnay ce zalla malam, ba haɗi ba, kuma da ta Burgundi, wani yankin Faransa daban, aka gwada ta. Amma kana da rabin gaskiya, saiwa ba ta tsotso ɗanɗanon dutse ta kai cikin inabi, wannan kam zaƙin baki ne na 'yan talla. Abin da ƙasa ke yi shi ne ƙayyade ruwan da kurangar ke samu da lokacin nuna, ga kuma yanayi. Duba yankin Sauternes na Bordo, inabin nan dai guda ne, hazon kogin Ciron ke kawo wata irin fumfuna ta motse shi, giyar ta fito zaƙi kamar zuma. Wane mai haɗawa ne zai ƙirƙiro hazo?

'Yar Damagaram: Yauwa. Kai da kake cika baki da albasar Galmi, me ya sa ba ka ce hannun mai miya ba ne?

Ɗan Maraɗi: Ai irin Galmi har Senegal da Burkina ana shuka shi.

'Yar Damagaram: To uwar gidanka in an aje mata biyun a kasuwa wacce take ɗauka?

Ɗan Maraɗi: Wannan kuma kishin ƙasa ne 😂

Kawu: Ku dai ku tsaya a albasar, nan ne zan iya sa baki. Ta Galmi ta fi yaji.