Waɗanda suka taɓa shirya farautar dila a daji, me ya fi ba ku wahala?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta masu sha'awar rediyo ta ɗora mini shirya gasar neman na'ura da rediyo a cikin daji, wadda muke kira farautar dila, nan da wata biyu. Sau huɗu na shiga a matsayin mai nema, amma ban taɓa zama cikin masu ɓoyewa ba. Na karanta dokokin IARU, ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta duniya: diloli biyar, wato na'urorin watsa sigina da ake ɓoyewa, a kan mitar rediyo guda, kowane ya yi kuka minti ɗaya ya yi shiru minti huɗu, kada wani dila ya kusanci wurin tashin masu nema ƙasa da mita 750, tsakanin kowane biyu kuma aƙalla mita 400. Duk wannan na haddace. Abin da nake nema a wurinku shi ne abin da ya same ku a ranar, wanda ba a rubuta a takarda ba. Muna sa ran mutum ashirin zuwa ashirin da biyar, kusan rabinsu ba su taɓa riƙe rediyon nema ba.

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da agogo. A gasata ta farko na saita na'urorin biyar da daddare, ɗaya bayan ɗaya, ina duba agogon hannuna. Gari ya waye muka kai su daji muka kunna. Awa ɗaya da farawa sai dila na uku ya soma shiga lokacin na huɗu da kusan daƙiƙa ashirin. Ka san yadda ake gane su da saƙon Morse, mai dogon sauti da gajere: MO sannan ɗigo, wato gajeren sauti, na uku ɗigo uku MOS, na huɗu ɗigo huɗu MOH. To ga biyu suna kuka tare a mita guda, mutum ya juya eriya yana neman inda sauti zai mutu, sauti ya ƙi mutuwa, domin idan ya kashe ɗaya ɗayan na nan. Wasu suka ja layi a taswira zuwa wani wuri da babu komai sai bishiyoyi, tsakanin na ukun da na huɗun.

Tun daga ranar, duk biyar nake jerawa a tebur ɗaya in tashe su tare, in bar su suna aiki awa huɗu ina saurare ina rubuta lokacin da kowane ya fara. Wanda ya zame, a gida zan gani. Batir ma a nan ake gane mai ƙarya, wanda zai nuna cike da safe ya mutu kafin mutum na ƙarshe ya tashi. Ka tuna idan mutum ashirin da biyar za su tashi biyu-biyu duk minti biyar, na ƙarshe zai bar layi bayan awa ɗaya, sannan ka ƙara masa nasa awa biyun.

Uwar Taswira:
Malam Sabon Shiga, shekarar da aka zana taswirarka nawa? Wannan ce tambayata ta farko ga duk wanda ya ce zai shirya gasa.

Mun taɓa amfani da wata mai kyau, ɗaya bisa 10,000, wato santimita ɗaya mita ɗari ke nan a ƙasa. Na zauna da rula na zana da'irar santimita bakwai da rabi a kewayen wurin tashi, na rarraba diloli a wajenta, lissafi ya fita tsaf. Sau ɗaya kawai na je dajin, kuma ta hanyar mota na bi. Ashe an sare wani yanki shekaru uku da suka wuce, ya tsiro da sarƙaƙiya mai ƙaya wadda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. A taswira wurin fari ne, alamar daji mai sauƙin gudu. Mutane suka fito da jini a hannu da ƙafa, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. An ja sabon shingen waya a gefen gabas, dogo, ya kai kusan kilomita. Dila na biyu yana mita talatin daga jikinsa. A kan megahaz 3.5 doguwar waya tana ɗaukar sigina ta sake watsa shi, to duk wanda ya biyo ta wannan gefen sai rediyonsa ya ce masa dila na cikin shingen. Suka yi ta kai da komo a jikinsa. Wayoyin wutar lantarki da layin dogo haka suke yi. Yanzu ba na yarda da wuri sai na dasa na'ura a can, na koma wurin tashi na saurara, na je inda sauran huɗun za su zauna na saurara daga kowanne. Yini guda yake ci, wani lokaci biyu. Sannan a sa kowace taswira a leda, raɓar safe kaɗai ta isa ta narkar da tawada.

Tsohon Dila:
Sannunku yara. Ɗana, ba ka faɗi wace mita za ka yi ba. Idan rabin mutanenka sababbi ne, ka tsaya a kan mita 80, wato megahaz 3.5, ka bar mita 2, wato megahaz 144, sai wata shekara. Sigina na megahaz 3.5 yana ratsa bishiya da tudu ya zo maka kusan kai tsaye. Na megahaz 144 kuwa ɗan yawo ne, yana dukan dutse ya dawo, ya bugi gangare ya karkace, jiƙaƙƙen ganye ya shanye shi. Ƙwararre ya san ya hau tudu kafin ya yarda da abin da eriyarsa ta ce. Sabo zai tsaya a kwari ya bi amsa-kuwwa.

Bari in faɗi laifina, tunda shi aka tambaya. Ina da ƙuruciya a lokacin, ina ganin gwanintar mai shiryawa ita ce a kasa samun abin da ya ɓoye. Na sa dila na biyar a ƙasan wani kwazazzabo, gefen wani falalen dutse, a mita 2, da gangan. Tutar da ake kafawa kusa da dila ma na tura ta bayan wani kututture. Cikin mutum goma sha tara, biyu suka same shi, ɗayansu ma ya ce mini tuntuɓe ya yi da igiyar eriya. Na yi ta murmushi a wurin kammalawa ina jiran yabo. Wani dattijo da ya fi ni daɗewa a harkar ya ja ni gefe ya tambaye ni abu ɗaya: wanda ya zo na ɗaya yau, ya fi na biyu iya nema ne ko ya fi shi sa'a? Ban sami amsa ba. Gasa ta gaba mutum bakwai suka zo.

Wannan wasa ba yau ya fara ba. An yi gasar Turai ta farko a Sitokholm ta ƙasar Suwidin a 1961, ta duniya ta farko a Polan a 1980, kuma tutar nan mai fari da ruwan lemo da doka ta ce a kafa kusa da na'ura, amfaninta shi ne kada a sha irin wahalar da na ba mutanena. Rediyo ya kai mutum wurin, ido ya ƙarasa masa. Idan ya iso mita goma daga dila lokacin da ya yi shiru, bai kamata ya tsaya minti huɗu yana tonon ciyawa ba.

Kunnen Zomo:
Baba, da girmamawa, ni kuma ɗaya gefen na gani. Na shiga wata gasa da masu shiryawa suka ji tsoron a ce sun wahalar da mutane, suka kafa tutoci a fili. Na hango ta uku daga kusan mita ɗari da hamsin, alhali dilan bai ma fara kuka ba. Rediyon da na kwana ina gyarawa ya zama kayan ado a hannuna. Ga shi kuma sun bi hanya ɗaya sau da yawa suna kai kaya, sun kwantar da ciyawa tun daga bakin turba har gindin bishiyar. Ko makaho ya bi wannan sawu.

Yaya Sabon Shiga, wanda za ka ajiye ya tsare kowane dila, ka gaya masa ya zauna nesa kaɗan, ya sa tufafi marasa haske, kada ya yi waya da ƙarfi. Mun taɓa samun na huɗu saboda mai gadinsa yana tari. Kuma ka raba hanyar fita da ta dawowa, kada masu jiran tashi su ga ta inda na farko suke ɓullowa.

Tsohon Dila:
Ba mu saɓa ba, ɗana. Ni ma'aunina shi ne in tsaya taku goma sha biyar daga tuta ta kowace fuska. Idan na gan ta daga nan ba tare da na sunkuya ba, ta yi. Idan na koma taku hamsin har yanzu ina ganinta, sai in matsar.

Malamar Kimiyya:
Ni da 'yan makaranta na fi yi, don haka abin da ke hana ni barci daban ne. Eriyar mita 80, ko ta sandar ferayit ko ta zobe, layi take ba ka, ba ta faɗa maka gaba ne ko baya. Sai ka danna maɓallin ƙaramar eriyar tsaye sannan ka bambance. Yaro ya ji wannan bayani sau goma, da an busa usur ya manta. Wani ɗalibina mai shekara goma sha huɗu ya ɗauki layinsa daidai, ya juya wa dila baya ya zura da gudu. Sauti na raguwa, shi kuma yana ƙara murɗa ƙara. Sai da ya fita daga taswira gaba ɗaya ya ci karo da titi.

Allah ya taimaka mun gaya musu tun farko cewa duk wanda ya rikice ya sa kamfas ya nufi kudu, zai faɗo kan titin, ya tsaya a nan. Shi ya faɗo ta wani wajen, amma ya tsaya. Yanzu kafin kowa ya tashi sai ya nuna mini da hannunsa, a kan wata na'urar gwaji da nake ajiyewa a wata mita dabam, cewa ya iya bambance gaba da baya. Kowa da usur a wuya da agogo a hannu. Ina kuma maimaita musu cewa wanda ya samo biyu ya dawo cikin lokaci ya fi wanda ya samo biyar ya makara, domin haka ake lissafi: yawan diloli tukuna, sannan lokaci, wanda ya wuce iyaka kuwa ba ya cikin jeri.

Amma wanda ya fi tayar mini da hankali babba ne, ba yaro ba. Ya gaji a tsakiya, ya yanke ya koma motarsa ya tafi gida bai gaya wa kowa ba. Takardarmu ta nuna mutum ashirin da biyu sun shiga, ashirin da ɗaya sun fito. Wayarsa a kashe. Muka bazu cikin daji muna kiran sunansa har duhu ya fara, shi yana kwance a ɗakinsa. Ka sa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai wannan takarda, ka kuma faɗa da babbar murya cewa ko ka fasa, sai ka zo ka ce ka fasa.

Mai Usur:
Babu wanda ya taɓo izini, to bari in taɓo. Masu nema ba sa buƙatar lasisi tunda saurare kawai suke yi, amma na'urorin da ke watsawa dole su kasance ƙarƙashin mai lasisi, su kuma riƙa faɗin alamar kiransa. Wannan kowa ya sani. Wanda ake mantawa shi ne mai dajin. Mun sami izini da baki daga wani jami'i, ranar gasa kuwa wasu ne ke aiki. Suka ga akwati a gindin bishiya, waya ta hau sama, ƙaramar fitila na ƙiftawa. Ka sa kanka a matsayinsu. Kafin mu gama bayani an dakatar da mu awa ɗaya da rabi, kuma ban ga laifinsu ba. Ka karɓi izini a rubuce, kowane mai gadi ya riƙe kwafi, ka manna takarda a jikin kowane akwati mai bayanin ko mene ne da lambar wayar da za a kira.

Takardar nan tana da wani amfanin. A wata gasar da ba mu da isassun masu gadi, wani mai wucewa ya tsinci dila na ɗaya, ya naɗe wayar ya sa a jakarsa ya ci gaba da tafiya. Na'urar ba ta daina kuka ba, sai dai ya yi rauni. Mutum uku da ke kusa suka yi ta binsa, duk minti biyar layi ya canza, suna zargin rediyonsu. Da suka cim masa ya ce ya ɗauka wani ne ya yar.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na bi shawarar Uwar Taswira, na ɗauki na'ura ɗaya da rediyo na shiga da ƙafa. Baba, mita 80 za mu yi. Inda na so sa na huɗu akwai wayar lantarki da ba ta cikin taswira, daga wurin tashi layin ya kauce sosai, don haka na matsar da shi yamma, sai dai yanzu tsakaninsa da na biyu bai fi mita 350 ba, dole in sake taɓa na biyun. Wani rafi da na ɗauka za a tsallake da taku ɗaya ya kai mini gwiwa. Sai kuma yanzu na lura na'urori biyar gare mu cif, babu ta shida da za ta zauna a wurin kammalawa. Za a iya yi babu ita?

Mai Gyaran Rediyo:
Da sababbi goma a daji? Kada ka soma. Ita ce ke kukan MO ba tsayawa a wata mita dabam, duk wanda ya ɓata ya murɗa ya bi ta ya dawo. Ina da guda a ajiye, zan duba batirinta. Ka kawo naka biyar ɗin mako guda kafin ranar mu jera su a tebur, ka taho da na'urar cajinsu.