Na goge manhajar, amma kuɗi bai daina fita ba

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure, a taimaka min da shawara don Allah. Wata manhajar gyaran hoto na sauke, aka ce kwana uku kyauta. Hoto biyu na gyara, ban ga abin kirki ba, na goge ta. Yau ina bin alat ɗin banki ɗaya bayan ɗaya sai na ga ashe mako bakwai ke nan ana cirar min kuɗi, duk ranar Talata. Ni dai ban tuna na yarda da wani biya ba. Ta ce in ɗora yatsa, na ɗora, shi ke nan.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ɗora yatsar nan ita ce sa hannunki. Kuma goge manhaja ba ya soke rajista, domin kantin manhajojin ne ke riƙe da katinki, shi ke cira yana miƙa musu. In Android ce, buɗe Play Store, taɓa hotonki da ke sama, shiga sashen biyan kuɗi da rajista, za ki gan ta zaune. In iPhone ce, saitin, sai sunanki, sai rajista. Ki soke yanzu, kafin Talata ta sake zagayowa. Na ƙarshen da aka cira, in bai wuce awa 48 ba, kina iya neman Google ya mayar. In ya wuce, galibi wurin masu manhajar za a tura ki.

Malamin Lissafi: Ku lura da "mako-mako" ɗin nan, da gangan ne. Ido ya saba da kuɗin wata, sai ya ga adadin ƙarami. Amma na wata sau 12 ake biya a shekara, na mako sau 52. Kamfanin tsaron kwamfuta Sophos ya raɗa wa irinsu suna tun 2019, fleeceware, mu ce masu yi wa mutum aski ƙwal-kwabo. Babu ƙwayar cuta a cikinsu balle manhajar tsaro ta yi ihu. Farashin yana nan a rubuce, da ƙananan haruffa masu launin toka, ƙarƙashin wani ƙaton maɓalli mai cewa "ci gaba". Ni dabarata, ranar da na karɓi gwajin kyauta ranar nake shiga in soke. A yawanci kwanakin gwajin ba sa ƙwacewa, in ma sun ƙwace ban yi asarar komai ba.

Ɗan Auta: Anti, naki ma da sauƙi. A ƙarshen 2018 an kama wasu manhajojin motsa jiki a App Store, kantin manhajojin iPhone, da ke cewa ka ɗora yatsa a kan Touch ID, wato ma'aunin yatsa na wayar, wai su auna lafiyarka. Yatsar na kaiwa sai takardar biya ta bayyana, kusan dala 100, wayar ta ɗauka ka amince. Apple ya cire su bayan mutane sun yi ƙorafi.

Baba Mai Ritaya: Abin da nake ta faɗa ke nan. Ni ban taɓa ba waya yatsata ba, kuma ba zan ba ta ba. Wa ya san inda suke kai zanen?

Mai Gyaran Waya: Baba, a nan kam zan ɗan saɓa maka, ka gafarce ni. A wayoyin kirki zanen ba ya barin wayar. Ana mayar da shi lissafi a kulle a wani keɓaɓɓen sashe, manhajar banki kuwa "e" ko "a'a" kawai take samu, ba ta ganin yatsar. Inda tsoronka yake da hujja shi ne wuraren da ke tara yatsun jama'a a rumbu ɗaya. A 2015 an kutsa hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, aka kwashi zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Lambar sirri in ta fita, minti ɗaya ka sauya. Yatsu goma gare ka, ba ƙari.

Malamin Lissafi: Kuma ana ƙirƙirar na jabu. Touch ID ya fito da iPhone 5s a Satumbar 2013, cikin 'yan kwanaki ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus ta buɗe shi da yatsar roba da aka yi daga sawun yatsa a jikin gilashi. A 2014 wani ɗan ƙungiyar, Jan Krissler, ya nuna zanen babban yatsan Ursula von der Leyen, lokacin tana ministar tsaron Jamus, ya ce daga hotunan da aka ɗauke ta ya haɗa shi. Sai dai gaskiya wannan aiki ne na mai haƙuri da kayan aiki. Wanda ya fizge wayarka ya ruga ba shi da lokacin haɗa roba.

Anti Nas: Malam, ku bar zancen Jamus, ɓarawon yana cikin ɗaki. Na dawo daga aikin dare na kwanta kamar gawa, hannuna na reto a gefen gado. Yarona ɗan shekara bakwai ya ɗauki wayar, ya kama babban yatsana ya dangwala, ya sayi wasu lu'ulu'u na cikin wasa har sau huɗu. Da na tsare shi cewa ya yi ai bai taɓa kuɗi ba, duwatsu ya saya. Kuma a wurinsa gaskiya ya faɗa, don wasan ba ya nuna masa kuɗi, tsabar wasa yake nunawa. Lambar sirri sai na farka zan faɗa, yatsa kuwa ba ta tambaya ko ina barci.

Ɗan Auta: Ba yaronki kaɗai ba ne Anti. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma miliyan 19, a kan sayayyar yara cikin wasanni. A Disambar 2022 Epic Games masu wasan Fortnite suka yarda su mayar da miliyan 245 saboda maɓallan da ke sa mutum saye ba da niyya ba.

Mai Gyaran Waya: Shawarar da nake ba duk mai yara: raba buɗe waya da biyan kuɗi. A Play Store ka sa ya nemi tabbaci a kowace sayayya, ka kashe na yatsa, ya koma neman kalmar sirri. A iPhone ma akwai maɓallin kashe Face ID (tantance fuska) ko Touch ID ga App Store kaɗai. Sannan a leƙa jerin yatsun da ke wayar. Sau da yawa ina ganin huɗu ko biyar, mai wayar ya manta ya taɓa sa wa ƙane ko yaro. Duk yatsar da ke jerin, wayar tana ɗaukarta taka ce.

Wani abu kuma, in an sauya miki gilashin kariya ki goge yatsun ki sake ɗauka. A 2019 an gano cewa wata robar kariya tana sa Galaxy S10 ta buɗe wa kowace yatsa, sai da Samsung ya fitar da gyara.

Uwar Biyu: To fuska fa? Ni da ita nake buɗewa wani lokaci.

Mai Gyaran Waya: Ya danganta da wayar. Face ID yana watsa ɗigon haske marar ganuwa ya auna tudu da kwarin fuska. Wayoyi da yawa kuwa kamarar gaba kawai suke amfani da ita, hoto suke kwatantawa da hoto. Gwada da kanki: ki buɗe hotonki a wata wayar, ki ɗaga shi gaban taki. A teburina na ga waɗanda suka buɗe. In taki ta buɗe, kashe shi yau.

Malamin Lissafi: Hajiya, sunanki ma ya tuna min. Apple ya ce yiwuwar baƙo ya buɗe Face ID ɗaya ce cikin miliyan, Touch ID ɗaya cikin 50,000, amma shi da kansa ya ce lissafin ya sauya ga tagwaye, da 'yan'uwa masu kama, da yara 'yan ƙasa da shekara 13.

Uwar Biyu: Ai kuwa nawa ni ma sai na kalli kunne nake bambance su 😂

Baba Mai Ritaya: Kun ga ke nan ni na fi ku. Lamba huɗu, shekara da shekaru.

Ɗan Auta: Baba, Allah ya ƙara girma, amma lamba huɗu 10,000 ce kacal, shida kuwa miliyan ɗaya. In kuma shekarar haihuwa ce, ba sai an yi lissafi ba. Babbar matsalar, kana danna ta cikin mutane na bayanka yana kallo. Wanda ya san lambar ya riƙe wayar zai iya goge yatsarka ya sa tasa. Shi ya sa Apple ya kawo kariyar wayar da aka sata a tsarin iPhone na iOS 17.3, Janairun 2024, wadda ke neman fuska ko yatsa tare da jinkirin awa ɗaya kafin a sauya manyan saituna in ba a wurin da ka saba ba. Ni dai cikin jama'a yatsa nake sawa, in zan kwanta in koma lamba.

Anti Nas: Yaya ake komawar? Kullum sai na shiga saitin?

Ɗan Auta: A'a. A iPhone riƙe maɓallin gefe da na ƙarar sauti har allon kashewa ya fito, daga nan sai da lamba. Android tana da Lockdown, mai kashe buɗewa da yatsa ko fuska, tun sigar 9, a jerin da ke fitowa in kin riƙe maɓallin kunnawa, wasu wayoyin sai kin fara kunna shi a saitin kulle allo. In duk kin rasa, kashe wayar ki kunna, ba za ta karɓi yatsa ba sai an sa lamba.

Malamin Lissafi: Kafin a tashi, akwai kuɗin da ba ya zuwa da alat: datar da tallan bidiyo ke sha, da batir, da bayananka. A 2013 an kama wata manhajar tocila tana tura wa masu talla inda mutane suke. Tocila me ta haɗa da inda kake tsaye? A shiga saitin data a ga wa ya fi sha, a hana shi aiki a ɓoye.

Uwar Biyu: Na shiga na soke. Ashe uku ne a wurin, har da wata ta koyon yare da na manta da ita tun bara. Na kuma sami yatsa ta uku a jerin, kuma tagwayen kowa ya ce ba tasa ba ce.

Baba Mai Ritaya: Ɗan Auta, in ka samu sarari kira ni. Na shiga in mayar da lambar shida, yanzu ta ce in sa tsohuwar, kuma tabarau na ba ya kusa.