Neman kalma kafin ajin gobe: attribute da recursive

Malamin Kwamfuta: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min, gobe ƙarfe 9 ina da aji kuma na yi wa yaran alkawarin da Hausa zan yi darasin. Abin da ya jawo shi ne wata ɗaliba ta kawo min filash ɗinta tana hawaye, ta kai shagon firintin ya kwaso bairos, in ta buɗe ba komai sai shotkot, alhali kwamfuta na nuna akwai kaya a ciki. Na buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, na rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* sai ga foldodinta duk sun dawo har da furojet ɗin da ta yi wata uku tana bugawa. To so nake su gane me ya faru, ba haddace layin kawai ba. Kalma biyu suka tsaya min a wuya. Attribute, wato alamomin nan na jikin fayil, H ɓoyayye, R a karanta kawai, S na Windows kansa. Sai recursive, aikin da /s ke yi na shiga folda ya shiga ta cikinta har ƙarshe.

Ɗalibar Hausa: Wa alaikumus salam Malam. Ta farko ai sifa ce. Sifofin fayil, an ɗora masa sifar ɓuya, an cire masa. Yara sun santa tun daga nahawu da Islamiyya.

Mai Gyara a Farm Centre: Mu a shago nan kasuwar waya ta Kano "ɓoyewa" da "buɗewa" kawai muke cewa amma sifa ta yi. Ta biyun ni "lungu da saƙo" zan ce. Malam kar ka manta ka gaya musu amfanin /d, in babu shi fayil kawai zai taɓa, foldar kanta tana nan a ɓoye, da yawa nan suke faɗuwa su ce umarnin bai yi aiki ba.

Ɗan Linux: Lungu da saƙo na nufin ko'ina ne kawai, bai nuna sauka ba. Ni tuntuni "har jikoki" nake cewa. Foldar sama uwa, na cikinta 'ya'ya, na cikinsu jikoki, har tattaɓa-kunne, kuma abin da aka yi wa uwa shi ake maimaita wa kowane ɗa, wannan maimaicin shi ne asalin ma'anar. Kuma kalmar tana sa yaro ya yi hattara. Na taɓa buga chmod -R 644, umarnin Linux na sauya izinin fayil har jikoki, a kan foldar aikina, duk foldodin ciki suka ƙi buɗuwa saboda na cire musu x, wanda a kan folda shi ne izinin shiga. Sai da na koma umarnin find da -type d, mai zaƙulo foldodi kaɗai, na ba foldodi izinin 755 mai ɗauke da x, fayiloli na bar su a 644.

Dattijo: Ku yi haƙuri 'ya'yana, amma abin yana min ciwo. Kuna neman Hausar kalma biyu a cikin jimlar da rabinta Turanci ne, folda, fayil, filash. Me ya sami jaka? Me ya sami kundi? Baturen nan Bargery ya fitar da ƙamusunsa na Hausa tun 1934, harshen nan ba matalauci ba ne. Kuma siffa ce da f biyu.

Ɗalibar Hausa: Baba da girmamawa, siffar ma ai daga Larabci muka aro ta. Kundi kuma ɗalibai sun riga sun ba furojet, in Malam ya ce kundi ya ɓoye za su ɗauka na digiri yake nufi.

Ɗan Damagaram: Mu nan dosiye muke cewa, folda ba kowa ya santa ba. Kullum in za a zaɓi kalma sai a duba bakin Kano kaɗai kamar mu ba Hausawa ba ne. A nan ina bayan Baba, jaka kowa ya santa daga Maraɗi har Kumasi.

Mai Gyara a Farm Centre: Ɗan'uwa ba raini ba ne wallahi, amma in na ce wa kwastoma jakarka ta ɓoye, ta hannunsa zai duba.

Ɗan Linux: A koma kan har jikoki don Allah, kun bar Malam a tsaye. Gwada ku ji: "cire sifar ɓuya har jikoki". Ko os.walk, mai bin foldodi a yaren kwamfuta na Python, haka yake tafiya, uwa sannan 'ya'ya.

Dattijo: Jika mutum ke da shi. Amma ta fi a bar ta da Turanci.

Malamin Kwamfuta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Sifa na ɗauka. A allo zan zana jaka cikin jaka in rubuta folda a gefe tunda ita za su ji a shago, dosiye ma zan ambata. Ta biyun zan fara da har jikoki wajen bayanin /s, in na ga fuskokinsu ba su gane ba in koma lungu da saƙo. Sifar S ɗin nan ta Windows har yanzu ban sami sunanta ba, wanda ke da shawara ya turo kafin asuba.

Dattijo: To. Amma ka rubuta ta da f biyu.